Kyanwa a Cinya

Ni Tanimu, mai gyaran famfo a Gangare,
shekara talatin ina bin sawun ruwa.
In kara kunne a bango, in ce wa mai gida:
nan yake yoyo, fasa nan.
Ban san wata rana ni za a kara wa kunne ba.

Zuciya ce ta fara. Bara da damina
suka zura siririn bututu ta matsematsina,
ya hau, ya gaishe ta, ya sauko.
Zuciya ta lafa.
Ƙofar da suka bi ce ba ta rufu ba.
Bayan mako uku, ina shafa mai da asuba,
na ji cinyata na gurnani
kamar kyanwa a kan buhun masara.

Laraba ta ce iska ne.
Wanzami ya zo da ƙaho, ya ɗora yatsa biyu,
ya naɗe zabirarsa:
"Wannan ba nawa ba ne. Koma inda aka huda."

A asibiti, can hanyar Lamingo,
Likita Rifkatu ta shafa mini wani abu
mai sanyi kamar famfon Disamba,
ta juyo da allon na'ura in gani.
"Ja mai tafiya ne, shuɗi mai komowa.
Allurarmu ta ratsa su biyun, suka haɗa baki."
Allurarmu, ta ce. Ba ta laɓe bayan ƙaddara ba.
Don haka na sake kwanta mata.
Na ce, ai na san aikin:
in layi ya ɓalle a tsakiya,
gidan ƙarshe ne ke kwana ba ruwa.
Ga yatsuna nan, sun yi sanyi.

Gadon kusa da taga na Dachung ne,
ɗan shekara sha biyu daga Bukur.
Shi ba wanda ya huda shi.
Da tawadar Allah ya zo, launin zoɓo,
daga kwankwaso har idon sawu,
jijiyoyi sun tashi a ƙwauri kamar saiwar ɗurumi.
Hagu ta fi dama tsawo da yatsa biyu.
Uwarsa, Kaneng, takan sayi takalma ƙafa huɗu a gwanjo
don ta fitar da biyu.
Ragowar na nan a kwando, ba mai so.

Shi ya koya mini sa safar matsi:
"Tun kana kwance, Baba, kafin ƙafa ta san ƙasa.
Juya ta ciki waje. Diddige tukuna."
Duk wata huɗu ake tsira masa allura,
a ƙafar da tsiro ɗaya, wani ya leƙo.
Ya san sunan kowace nas
da wadda hannunta bai da nauyi.

Ni kuwa an danne wurin har na ga taurari,
kyanwa ta ƙi tashi.
Sai aka ce za a sa hannun riga daga ciki.
Soket ke nan, na ce, faɗi kuɗinsa.
Injin yanka bakin bututu ya tafi a kan haka,
da akuyar Laraba.

Da na farka na laluba.
Shiru.
Yatsun ƙafa sun ɗau ɗumi kamar an mayar da wuta.

Ranar sallama Dachung ya ɗora tafinsa a cinyata.
"Ta gudu?"
Ta gudu.
Ya ja hannuna zuwa sha-raɓarsa,
zafi kamar bututun da ya wuni a rana.
"Tawa fa, gwani?"

Ban taɓa barin gidan mutum yana yoyo ba.
Na buɗe baki, na rufe.

Jiya na bi layin 'yan takalma a Taminus
ina tambaya rumfa rumfa:
wa zai sayar mini da talatin da takwas na dama
da arba'in na hagu?
Na bakwai ya yi dariya.
Na takwas ya ce in dawo Asabar.