Daren da Baba Ya Ji Ruwa

Mun bar Jos da hantsi, motar Gyang na tari,
tantin aro a baya, turkensa ɗaya ya ɓata tun bara.
A gangaren Hawan Kibo kunnena ya toshe,
na haɗiyi yawu, ya buɗe.
Na Baba bai buɗe ba. Shekara tara ke nan.

Injin wankin kuza ne ya cinye masa ji,
a hankali, yadda gara ke cin azara.
A gida sai dai mu nuna masa tuwo, mu nuna agogo,
ya gyaɗa kai, ya koma ga carbinsa.

A Asob muka yada zango, ƙarƙashin itatuwa masu gansakuka.
Ruwa na faɗowa daga wuyan dutse,
fari fat kamar an kwance rawani.
Inda babu turke muka danne da dutse.
Talatu ta binne dankali cikin garwashi,
wani biri ya zo ya duba kayanmu
kamar ɗan kwastan, ya tafi da burodi.
Gyang ya yi iyo, ya fito haƙora na kaɗawa,
yana rantsuwa wai ruwan da ɗumi.

Dare ya raba, sanyi ya shigo ta ƙasan tanti.
Na laluba gefena: bargo ne kawai, ba mutum.
Gabana ya faɗi.
Na ɗau tocila mai ciwon ido,
na bi santsi, ina kiran wanda ba ya jin kira.

Can na same shi bakin kumfa,
ba takalmi, ba hula,
tafukansa biyu shimfiɗe kan dutse
kamar mai gwada zazzaɓin yaro.
Feshi ya jiƙa masa gemu.

Ya kamo hannuna ya ɗora kusa da nasa.
Dutsen na rawa, can ciki, ƙasa-ƙasa,
rugugi na hawa ta ƙashi har haƙori.
Ya ce, da ƙarfi irin na kurame,
“Ɗanjuma, ka ji?”

Ni da nake da kunne biyu lafiyayyu
tun la'asar nake nan, ban ji ba sai yanzu.

Da safe shayi ya yi ƙaurin hayaƙi.
Muka naɗe tanti da raɓarsa,
Talatu na neman murfin buta.
Baba ya riga mu shiga mota,
takalmansa a cinya,
ƙafafunsa har yanzu a jiƙe.