Allunan Dundaye

Ran Talata Dakta Marafa ya kira ni jami'a,
ya miƙo takarda mai layi arba'in da uku.
Ya ce, "Lawali, kowane icce na lambun nan
a yi masa allo, fari a kan kore.
Kada ka ƙara harafi, kada ka rage."

Na duba. Ba Turanci ba ne.
Shekara ashirin ina zana Turanci
a goshin shaguna da bayan tirela, na san tafiyarsa.
Wannan kuwa kowace kalma da jelarta:
indica, digitata, albida.

Na ce, "Dakta, yaren wace ƙasa?"
Ya ce, "Latin, harshen Rumawa.
Masu shi sun daɗe da kwantawa.
Ba uwar da ke rarrashin jinjiri da shi yau,
ba mai taya buhun albasa da shi."
"To me ya kawo gawa cikin lambu?"
Ya yi dariya har tabarau ya zame.
"Don ya mutu aka ba shi ajiya.
Harshe mai rai gulbin Rima ne,
bana ya bi nan, baɗi ya ci gonar wani.
Wannan ya daina motsi.
Da kai da ɗan Sin da ɗan Masar,
in kuka ce Adansonia, kuka guda kuke nufi."

Kwana tara ina tsugune, fenti na bushewa a bakin buroshi.
Ya ce digitata yatsu ke nan.
Na tsinko ganyen kuka, na ƙirga, biyar,
na ce lallai wani ya tsaya ya duba.
Ya ce albida fari-fari,
na shafa jikin gawo, ban musa ba.
Amma aduwa,
aduwar da na tsotsa tun ban iya ɗaura wando ba,
wai aegyptiaca, an ba Masar kyauta.
Wannan kam ya tsaya mini a wuya.

Da na kai labari gida, Inna Tumba tana ƙulla sassaƙe.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Su da sunka raɗa ma kuka suna,
sun taɓa shan miyatai?
Sun san sabara mi taka yi ma mai jego?"
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "To tahi ka tambaya."

Ban tambaya ba, sai dai idona ya buɗe.
Na tuna shari'ar filinmu na Runjin Sambo,
lauya ya miƙe ya ce sine die,
muka tafa, ashe sai baba-ta-gani ake nufi.
Na tuna ƙananan haruffan likita a takardar magani,
da agogon bango mai sanduna maimakon lamba,
da maƙwabcina Okwudili, mai gyaran firji,
wanda ya ce da shi aka yi wa kakansa addu'ar kabari.
Mamaci ne, amma ya fi ni zirga-zirga a Sakkwato.

Ran ƙarshe Dakta ya nuna buroshina,
ya ce, "Haruffan da kake ci da su ma nasu ne."
Na ce, "Ban da uku.
Ɓa da ɗa da ƙa, mu muka lanƙwasa musu kai,
don bakinmu bai shiga rigarsu ba sai da aka buɗa wuya."

Da dare na koma da tocila.
A ƙasan kowane allo, da ƙananan baƙaƙe,
na rubuta sunan da Inna ta sani.

Da safe ya bi layin, hannu a baya,
allo bayan allo, bai ce uffan ba.
A gindin Prosopis africana ya tsaya,
ya sunkuya, ya karanta ƙirya.
Ya ƙirgo kuɗina cif, bai cire ko naira ba.
Ya ce, "Ƙugiyar nan ta yi tsawo, rage ta kaɗan."