Kwali Goma Sha Ɗaya

Yau muka kwashe ofishin Baba a Bradford.
Kwali goma sha ɗaya, duk takarda.
Misis Oldroyd ta riƙe mana ƙofa,
tana share ƙwalla da bayan hannu.

Shekara talatin da biyu yana ƙirga tari,
tarin yara a gidajen haya masu danshi
inda fumfuna ke cin bango kamar gara.
Ya bi layi-layi da ma'aunin numfashi,
ruwa na dukan hularsa,
har karnukan unguwa suka daina yi masa haushi.

Maƙala ɗari da tara, in ji jami'a,
an ambaci Farfesa Maikano sau dubu huɗu.
Shi kuwa ya kan ce lissafin dokin Rano ne.
Ta farko sau uku ana dawo masa da ita;
wasiƙun na nan a aljihun tebur, tare da carbi.
Sai wata shekara hukuma ta karanta shafi guda,
aka tilasta wa masu gidaje gyaran rufi.

Kwali na ƙarshe babu maƙala.
Zanen yaro ne:
dogon mutum, hula, jaka,
a ƙasa, da karkataccen rubutu,
wai Callum ya yi barci har safe.

Baba na zaune a mota.
Yanzu sunana ma sai ya lalubo.
Ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Gida mai lamba ashirin da bakwai.
Bangon arewa ne ke yoyo."