Kwalba Ɗaya, Gado Biyu

A Apapa ne, ƙarfe goma ta ɗan gota,
tireloli sun yi layi har gada suna huci.
Ga jirgin can, fari fat, bene kan bene,
ya fi asibitin da na ba shekara talatin da ɗaya.

Yarinyar tebur, Morenike, sunanta maƙale a ƙirji,
ta buɗe jakata da shuɗiyar safar hannu,
ta zaro kwalabe biyu na ruwan inabi,
ta jera su kamar masu jiran alƙali.
"Mama, ƙa'idar kamfani ce:
kowane fasinja kwalba ɗaya."

Na ce, 'yata, sake duba takardar nan.
Ranar da na je ofishinku a Ikoyi
da kuɗin sallamata a ƙulle,
wane lissafi kuka yi mini?
Kun ce ɗakin na mutum biyu ne,
gado biyu, tawul biyu, kofi biyu,
mai tafiya shi kaɗai sai ya biya na wanda bai zo ba.
Na biya, ban ce uffan ba.
Na biya wa Ishaya kuɗin gado,
shi da ke kwance a Wusasa shekara biyu
bai roƙi kowa katifa ba.

To ranar karɓa ni mutum biyu ce,
ranar bayarwa na koma ɗaya?
Mudun da kuka auna ni da shi a Ikoyi,
a wane kwata ya faɗa kafin Apapa?

Ga wasu ango da amarya sun wuce ta gefena,
kwalabe biyu na ƙara a jakarsu, suna dariya.
Allah ya ba su zaman lafiya.
Amma kuɗinmu ɗaya da su,
ko kobo ba su ɗara ni ba.

Ni ba mashayiya ba ce.
Kurɓin jibin Ubangiji ma yakan ƙware ni.
Ishaya ne ya sayo su a wani kanti a Obalende,
shekarar da muka fara adashen wannan tafiya.
Ya naɗe su da tsohuwar jarida,
ya tura ƙarƙashin gado bayan akwatin takalma.
"Ja taki, fara tawa,
kada a taɓa sai ruwa ya kewaye mu."
Hawan jini ya riga teku zuwa.

Morenike ta kalli na'ura, ta waiga,
oganta na can yana faɗa a waya.
Ta rage murya: "Mama, ba ni na rubuta ba.
Za mu ajiye ɗaya, in kin dawo ki karɓa.
A ciki ma ana sayarwa, da dala."
Na ce na gane, 'yata.
Mai rumfa ne ya zana dokar ƙofar kasuwa.

"Wacce za ta shiga?"

Layi ya fara tsaki a bayana.
Na ɗauki fara.
Ta ɗaura wa ja lamba a wuya, arba'in da bakwai,
irin wadda nake ɗaura wa jarirai a hannu
don kada uwa ta tafi da na wani.

Da magariba jirgi ya ja jiki.
Fitilun Marina suka ƙanƙance,
masunta a kwalekwale suna ɗaga mana hannu,
warin gas ya ba iskar gishiri hanya.
Na rufe ɗaki, na buɗe kwalbar da ƙyar,
domin aikinsa ne, ban taɓa koya ba.
Na zuba a kofi biyun, ai nawa ne, na biya.
Na ajiye ɗaya a kan gadon da babu kowa.

Tana da tsami, Ishaya. An cuce ka a Obalende.

Gobe da safe zan nemi biro da takarda,
in rubuta wa masu jirgi da hannun nas:
ko ku rage mini gado,
ko ku maido mini kwalbata.