Baƙon Kilo Tara

Daren Laraba Tanimu ya shigo da shi a kafaɗa,
daskararre kamar dutsen niƙa,
kyautar ƙarshen shekara daga maigidansa na Ikoyi.
Na ce, "Yankan wa?"
Ya ce, "Gonar Epe, da bisimilla, ina tsaye,
sati uku ke nan yana kwance a ƙanƙarar oga."

Ni da na saba da kaza mai shiga tukunya ɗaya,
ga talotalo ya cinye rabin kicin ɗina na Agege.

Tanimu ya ce a shanya shi a baranda,
rana ta gama da shi kafin azahar.
Iya Ronke ta leƙo ta taga, fulawa har gwiwar hannu,
ta ce da Hausarta ta kasuwa:
"Waje zai yi ɗumi, ciki yana ƙanƙara,
a tsakanin nan cuta take haihuwa.
Firiji, kwana huɗu, can ƙasa, cikin faranti."

Muka kwashe zoɓo da kunun aya, muka ba shi ɗaki.
Kwana uku wuta ta yi mana kara.
Na huɗu ta ɗauke ƙafa,
janareto ya yi tari biyu ya yi shiru.
Sai baho, sai ƙanƙarar saye,
na nutsa shi cikin ledarsa,
duk rabin awa in zubar, in sake sabon ruwa.
Ko goyon fari ban yi wa irin wannan gadi ba.

Ban kai shi bakin famfo ba,
kar ruwan ɗanye ya fantsama a kofin Tasalla.
Wuƙarsa daban, katakonsa daban,
hannuna da sabulu kafin ya taɓa ko marfin gishiri.
Citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari,
na tura su ƙarƙashin fata da yatsa.
Cikinsa albasa biyu kawai.
Shinkafa ta zauna a tata tukunyar.

Mu biyu muka ɗauke shi zuwa obin ɗin Iya Ronke.
Ƙamshi ya sauka bene,
ya tsallake kwata,
ya tsayar da mai okada a bakin layi.

Awa huɗu, fata ta yi ja.
Tanimu har ya wasa wuƙa.
Iya Ronke ta ce, "Riga ce ta nuna."
Ta soka tsinken awon zafi a kaurin cinya,
nesa da ƙashi.
Sittin da takwas.
"Koma."
Yara suka yi tsaki, na zare musu ido.

Da ya kai saba'in da biyar,
ƙirji ma ya amsa haka,
ruwan da ya fito garau, ba ɗigon jini.
Ta rufe shi, ta ce ya huta rabin awa,
shi da bai yi aikin komai ba.

Cinya ta haura sama wajen Iya Ronke,
fiffike ya tafi wajen maigadi.
Muka ci har Tanimu ya kwance maɓalli.

Saura fa?
Awa biyu ce iyakarsa a kan tebur,
ga firiji a mace.
Ina yanka shi ƙanana, ina lissafin kuɗin wata ƙanƙarar,
sai ihun yaran layi ya tashi,
fanka ta juya.

Dutsen da na dafa ya shiga robobi shida.
Ƙashin yana kan wuta.
Gobe romo.