Benci Biyu a Gangare

La'asar ta yi, sanyin Jos ya sauko.
Mai shayi ya ba mu aron benci biyu,
tela Ɗanlami ya ɗinke takardun buhun siminti
suka zama littafi.

Iya Tabawa ba ta san ko bihim ba,
amma bakinta rumbu ne.
"Ga ta nan, ga ta nanku,"
Malama Rifkatu na bin ta da biro.

Ran Asabar jikanta Tanimu ya ɗora yatsa,
baƙi, wasali, baƙi,
kamar mai tsallake rafi bisa duwatsu.
Ya kai gaɓa, gumi a goshi.

Iya ta gyara mayafi:
"Ina waƙar kurciya? Koma."
Ya koma, ya duba.
Ashe Malama ce ta manta.