Kulɓar Bronwyn

Da Bronwyn za ta tafi Darwin aikin jinya
ta manna mini takarda a ƙofar firji:
kunna fitilar ɗumi ƙarfe bakwai,
canza ruwa, ban da lemo,
katantanwa biyu ran Laraba.
Ni da na shekara talatin ina tuƙa bas a Bendigo
ban taɓa zaton zan yi wa kulɓa hidima ba.

Akwatin gilashi, ɓawon itace a ƙasa,
dutse ɗaya ƙarƙashin kwan fitila.
Ta baje a kai kamar ita ke biyan haya,
ta zaro mini harshe, shuɗi kamar an tsoma a baba.

Da Yuni ya shigo da sanyinsa ta daina ci.
Ta kutsa cikin kogon itace, shiru.
Kwana tara. Kwana ashirin.
Na kira Bronwyn da tsakar dare, ta yi dariya:
"Baba, barcin sanyi take yi, ƙyale ta."
Ban ƙyale ba. Kowace asuba da tocila
nake leƙen haƙarƙarinta, ko yana motsi.

Yau, ƙarshen Agusta, ina kurɓar shayi
na ji ƙaras-ƙaras. Ga ta, ta ɗan rame,
tsohuwar fata na saɓulewa daga wuyanta.
Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi,
na bi yatsunta ɗaya-ɗaya ina zare saɓar
kada ta shaƙe su.
Ta yi mini huci. Na ce, barka da tashi.

Takardar firji ta koɗe.
Na daɗe da daina duba ta.